Shinkafa Kwano Huɗu a Keken Goyo

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna, ko a gindin darbejiyar bakin garejina ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, sai wani ya matso yana murmushi: "Habu, wai da gaske ne ka goya shinkafa har ƙasar Faransa?" Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Jiya har na ji an ce buhu guda ne, wai kuma an kulle ni kwana uku. To, ga zancen daga bakin mai shi. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, shi zai biya shayin.

Ni makaniken injin ban-ruwa ne a nan Haɗeja. Matata Hajara malamar firamare ce. Shekara tara muna tare kafin Allah ya ba mu haihuwa, aka sami mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Hajara, wadda muke kira Inna. Kun ga kunya ta zama biyu ke nan: ga 'yar fari, ga sunan suruka. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan", kamar wadda aka tsinta a tasha. A ɗaka kuwa, in ba kowa, Allah kaɗai ya san irin shirmen da nake yi mata.

Tana da shekara ɗaya da wata biyu, damina ta ja baya, Hajara ta zame a laka a hanyar makaranta da goyo a bayanta. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma bayan uwar ya taɓu. Likita ya ce ko tulu kada ta ɗauka, balle goyo. Makarantar kuwa tana hayin fadama, tafiyar rabin sa'a, rabi yashi, rabi siririyar hanya tsakanin gonakin shinkafa.

Kwana biyu da jin labari sai ga Inna daga Kafin Hausa da ƙullin kayanta. Na je gaishe ta, na tsuguna a bakin ƙofa, ta yi magana daga bayan labule.

"A yaye ta in tafi da ita. Dama 'yar fari ai ta kaka ce. Juma'a ta sama zan koma."

Na ce, "To, Inna. Allah ya saka da alheri."

Abin da baki ya faɗa ke nan. Ni ma ɗan fari ne. Ana yaye ni aka kai ni Malam Madori wurin kakata, kuma har na yi gemu, in na je gidanmu tabarmar baƙi ake shimfiɗa mini. Uwar da ta haife ni Yaya nake ce mata. Ba wanda ya zalunce ni, kakata ta riƙe ni da amana, amma ba na so a yi wa yarinyar nan haka. Ba na so ko kaɗan, ga shi ba bakin faɗa.

Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudancin Kaduna, ita ba ruwanta da wannan kunya tamu. Ta tare ni a ƙofar gida.

"Malam Habu, kai fa kana ba ni mamaki. Kana son ɗiyarka, ka buɗe baki mana!"

"Sista, ba a haka."

"To in ba a haka, ka nemo keken tura yara. Hajara ai tana iya tafiya, goyo ne aka hana ta. In za ta iya kai yarinya makaranta ta dawo da ita, me Inna za ta ce kuma?"

Na kai maganar wurin abokina Alhaji Bukar mai kifi, wanda yake kai banda har Nijar. Ya ce yana da mai masauki a Damagaram da ke sayen kayan Turawan da suka gama aiki za su koma gida, kuma da idonsa ya ga irin keken a shagonsa. Ni kuwa ba na sayen injin da ban gwada da ruwa ba. Na sa Sista ta auna yarinyar a sikelin asibiti, na lissafa, nauyinta ya zo daidai da shinkafa kwano huɗu. Na auni shinkafar gonarmu kwano huɗu, na naɗe a tsohon zanen goyon Hajara, na ɗaure da majanyi. Na kuma je na auna faɗin hanyar fadamar da igiya, na ƙulla alama. A gida na ce zan je neman kayan inji.

Ranar Alhamis da sassafe muka tashi, don mu riski kasuwar Maigatari. Motar akori-kura ce cike da kwalayen banda. Lokacin wahalar mai ne, a Malam Madori sai da direba ya yi zagaye uku wurin 'yan bumburutu kafin ya sami galan biyu. Ƙasan motar duk man kifi, saboda haka na ɗora ƙullina a cinya na rungume. A Gumel wata tsohuwa ta shigo, ta dube ni, ta dubi zanen goyon, ta tafa hannu.

"Bawan Allah, ina uwarsa? Kuma ka rufe masa fuska haka a wannan zafi?"

Kafin in buɗe baki Alhaji Bukar ya riga ni. Mutumin nan in bai yi tsokana ba abinci ba ya narke masa. Ya marairaice fuska ya ce, "Barci yake, Baba. Yaron ba shi da rigima ko kaɗan. Tun Haɗeja ko tari bai yi ba."

Tsohuwa ta yi ta sa albarka. Na ƙara rungume ƙullina, don in na ce shinkafa ce sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa ba na faɗa ba ne.

Maigatari ranar kasuwa sai wanda ya gani: raƙuma, shanu, kanwa, ga Buzaye da takubba suna ciniki cikin natsuwa kamar masu ta'aziyya. Iyakar da nake ta jin labarinta kuwa igiya ce aka gitta a hanya, an ɗaɗɗaura mata tsummoki. A hayin, wani jandarma siriri ya sara mini tukuna, abin da ba a taɓa yi mini ba tun da nake, sannan ya nemi takarduna da katin rigakafi. Ya latsa ƙullin, ya ji shinkafa, ya yi dariya, ya kira ni da irin "Malam" ɗinsu na Faransanci ya ce, "Mushe, ka taho da guzuri don kana tsoron yunwarmu?" Allah ya taimake ni tsohuwar tana can wurin mai fura.

Daga nan muka shiga wata tsohuwar Landiroba mai zuwa Dungas, tsohuwar nan tana ciki, ta kuma ba sauran matan motar labarin marayan da ta ɗauka nake rungume da shi. Ba mu yi nisa ba mota ta nutse a yashi. Direba ya ce kowa ya sauka a tura. Na yunƙura zan sauka, mata suka yi caa.

"Ban da mai yaro! Zauna abinka, bawan Allah."

Sau biyar muna kafewa kafin Dungas, sau biyar Alhaji Bukar yana turi da babbar riga a kafaɗa, gumi har cikin takalminsa, ni kuwa ina zaune a inuwa ana miƙo mini dabino. A na huɗu ya zagayo ta taga yana haki ya ce, "Habu, ka gaya musu gaskiya." Na ce, "Yi a hankali, Alhaji, kada ka tashe shi." Wanda ya haƙa ramin mugunta dai an ce ya haƙa shi gajere. Wani abu kuma na lura da shi ina zaune: ƙananan motoci duk sun kwanta a hanya, sai masu manyan tayoyi ke wucewa. Na riƙe wannan a raina.

Sai Juma'a da hantsi muka shiga Damagaram ta Magarya. Mai masaukinmu Alhaji Mamman mai gwanjo, dattijo ne mai fara'a. Da ya ji daga inda nake ya ce, "Bahaɗeje? To, a nan sai haƙuri, kihinmu a gwangwani yake." Ba ƙarya ya yi ba. Kwana shida na yi ban ga kifi mai ido ba, ban da wanda muka kawo. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, in ya kwana ana iya korar akuya da shi. Aka ba ni cuku, wato busasshen nono mai faɗi, na ɗauka faifan rufe kwano ne na ajiye shi a gefe. Shayi kuwa ba irin namu ba ne da ake cika maka kofi ka tashi. Ɗan mitsitsin finjali ne sau uku, tsakanin na farko da na uku mutum zai iya kwance inji ya ɗaure, kuma in ka tashi kafin na ukun ka yi rashin mutunci. Amma kilishinsu, gaskiya ɗaya ce, ya fi namu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne barcin rana. Da azahar ta yi gari yake mutuwa, ofis da kanti da shago duk a rufe, har awaki suna neman inuwa. Ni da nake ƙirga kwanaki, duk sanda na ce a buɗe shago sai Alhaji Mamman ya ce, "Sannu dai, Malam, tahiya ba ta son gaggawa." Sai ranar Asabar da yamma ya ɗauko mabuɗi.

Keke uku muka tarar a cikin tarkacen firji da fanka da littattafan Faransanci. Na farko babba ne baƙi, mai rumfa da labule, yana lilo a kan sifirin kamar motar gwamna. Raina ya biya. Alhaji Bukar ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan ai makara ce aka sa wa taya." Na ɗauko igiyata na gwada, ya fi hanyar fadama faɗi da tafin hannu guda. Da an tura shi, taya biyu na kan hanya, biyu na cikin shinkafar mutane. Na haƙura.

Na biyu ɗan firit ne, yana naɗewa kamar lema, tayoyinsa ƙanana har takwas, kowacce ba ta fi murfin kwalba girma da yawa ba. Alhaji Mamman ya ce shi matan manya suke so. Na fitar da shi waje, na kwantar da shinkafata, na tura. A kan siminti ya tafi sumul. Yana taka yashi ya tsaya cik kamar jakin da ya ga gada. Na danna da ƙarfi, sai ya naɗe kansa ya haɗiye shinkafar, ya haɗa da ɗan yatsana. Wata mai tallan gyaɗa da ke wucewa ta saki ihu, ta ajiye tire ta yo kaina da zagi, wai na kashe ɗan mutane. Sai da aka kwance mata bakin zanen ta gani, sannan ta ja tsaki ta ce dama 'yan Najeriya ba su da lahiya.

Na uku yana can ƙurya an jingina shi da bango. Na jawo shi na ce, "Alhaji, wannan ai ƙafarsa ɗaya ta ɓata."

"Haka aka haihe shi," in ji Alhaji Mamman. "Biyu a baya, ɗaya a gaba. Na wata Baturiya ne mai aikin rijiyoyi. Kullum da sahe sai ta sa ɗanta ciki ta zura da gudu, ba mai korarta. Ranar hwarko rabin unguwa suka bi ta da sanduna, sun ɗauka ɓarawo ne a gaba."

Na tsuguna na duba shi irin duban da nake yi wa inji. Tayoyin manya ne masu wayoyi irin na keken hawa, da iska a ciki, duk mai faci a Haɗeja zai iya gyara su. Ga birki a hannu. Na gwada igiya, ya shige da ragowar yatsa biyu. Na sa shinkafa na tura cikin yashi, ya ratsa kamar baro, da hannu ɗaya ma yana tafiya. Aibinsa ɗaya: da na rataya jakata a mariƙin sai ya ɗaga hanci ya kwanta da baya. Na gode wa Allah da shinkafa ce ta koya mini wannan. Muka yi ciniki, na saya.

Sai dai mota ba ta zuwa Maigatari sai ranar kasuwa. Haka na zauna ina shan shayi uku-uku har Laraba, ina tunanin Inna tana can tana ninke 'yan rigunan yarinyar nan.

Ranar Alhamis da la'asar muka iso igiyar, na turo kekena da shinkafar a ciki an lulluɓe. A ɓangarenmu wani ma'aikaci mai kaki, ƙato mai gashin baki, da alama ba ɗan wannan yankin ba ne, ya tsayar da ni. Ya ɗaga zanen, ya ga shinkafa, fuskarsa ta washe.

"Sabuwar dabara! Shinkafar waje a gadon jariri!"

"Ranka ya daɗe, ta Haɗeja ce. Daga gonata."

"Ta Haɗeja? To me ta je yi Nijar? Ziyara?"

Mutane suka fara taruwa. Ya ɗebi kaɗan ya watsa a baki don ya kama ni da hujja. Ya tauna sau biyu, sai muka ji ƙaras. Ya dafe kunci, ya tofar da tsakuwa a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Wannan tamu ce." Ban taɓa alfahari da tsakuwar shinkafarmu ba sai ranar.

Na ɗauka an gama, sai ya dafa keken. Ya ce in na amfanin gida ne in wuce, in na sayarwa ne sai an yi masa takarda, mai yin takardar kuma sai Litinin.

"Na waye?"

"Na wata yarinya ce a gidanmu."

"Yarinyar waye?"

"Ta... mutanen gidan."

"Kai ne maigidan?"

"Ni ne."

"To 'yar waye?"

Na dubi ƙasa. Ga fatake 'yan garinmu sun kewaye mu, ga dattawa, ga motar Haɗeja ta ƙarshe tana ta hon. Ma'aikacin ya ce, "Ka gani? Mutum bai san mai kaya ba. Na kasuwa ne. A kai shi sito." Ya kama mariƙin zai ja. Litinin! Kafin Litinin yarinyar nan ta kwana uku a Kafin Hausa. Ban san sanda na riƙe ɗaya gefen ba, na ji murya tana fita daga bakina da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"'Yata ce! 'Yata ce ta cikina, ta fari! Shekara tara ina jiranta! Sunanta Safiya, kuma gobe za a tafi da ita in ban kai wannan abin gida ba!"

Wani dattijon Bafulatani ya ja rawani ya rufe bakinsa don kunyar da ni na kasa ji. Alhaji Bukar, karon farko a rayuwarsa, ya ajiye tsokana ya dafa kafaɗata. Ma'aikacin ya saki keken yana kallona da mamaki ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Wuce, Allah ya raya."

Motar ta lalace a Gumel, muka kwana a can. Fataken da suka sami wata motar kuwa sun riga mu isa gida, kuma labari ba ya jiran gyara. Da hantsin Juma'a na shigo lungunmu ina tura keke, na tarar Inna a tsakar gida da mayafinta, ƙullin kaya biyu a gabanta, babba da ƙarami. Idon Hajara ya kumbura. Sista Rifkatu ta ɗauko yarinyar, ni na sauke shinkafa, aka zaunar da ita a ciki.

Ta duba hagu, ta duba dama, ta tsanyara ihu. Ta banƙare, tana harbin iska, tana miƙa hannu a ɗauke ta. Na tura gaba, na jawo baya, abin sai ƙaruwa yake. Na auna nauyi, na auna hanya, na gwada yashi, amma ban tuna shinkafa ba ta kuka ba.

Inna ta daɗe tana kallo. Can ta ja tsaki ta tashi.

"Haka ake ajiye ɗa, kamar kabewa a baro?"

Ta kwance zanen da majanyin daga jikin shinkafar, ta juye shinkafar a kan ɗankwalinta. Ta naɗe yarinyar da zanen uwarta, ta zagaya majanyin ta bayan kujerar keken ta ɗaure ta tamau a ƙirji, yadda ake ɗaure goyo. Ta kama mariƙin tana jijjigawa a hankali tana 'yar waƙa a maƙoshi. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma hamma. Kafin a ce kwabo yarinya ta yi barci, da ƙamshin uwarta da ɗan warin banda.

Inna ba ta dube ni ba, suruka ba ta kallon suruki. Ta juya wurin Sista.

"Sista, ki gaya wa maigidan nan, an ce ya kira sunana a kasuwar Maigatari har raƙuma suka waiwayo."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ki gaya masa wanda ya iya faɗa a gaban hukuma, ya iya turawa. Shi zai riƙa raka su makaranta har bayan Hajara ya yi ƙwari." Ta tura ƙaramin ƙullin da ƙafa zuwa wajen Hajara. "Amma ni ban taɓa zuwa ɗaukar jika na koma hannu sake ba."

Ta sunkuya ta ƙulle shinkafar nan kwano huɗu a ɗankwalin, ta saɓa ta a baya, ta ja mayafi ta ɗaure. Ta ce wannan ma ta fi hankali, an ce tun Haɗeja ko tari ba ta yi ba. Haka ta fita zuwa tasha, Sista na biye da ita da babban ƙullin tana dariya har da hawaye.

To, kun ji yadda aka yi. Kwano huɗu ne ba buhu ba, kuma ba wanda ya kulle ni. Ku da kuke zama a gindin darbejiya kuna jiran in wuce da safe da keke mai ƙafa uku ku yi ta ƙyaƙyatawa, ku ci gaba, bakinku ne. Ni dai in na dawo daga gareji da yamma na yi sallama, akwai mai rarrafowa ta kama ƙafar wandona. Safiya tana gida.